Yadda ake tsara gyaran tsarin kula da zirga-zirgar jiragen sama har a kai ga ranar canji lafiya

Idan aka ɗora maka aikin inganta tsarin kula da jirage a sama, ko kai ne shugaban kwamitin ko kuma injiniya ne kai aka ce ka wakilci sashenku, kar ka fara da zancen na'ura. Yawancin mutane da an ce gyara sai hankalinsu ya tafi kan sabuwar rada da manyan allunan kwamfuta da ranar yanke kyalle, to amma sararin sama ba wuri bane da za a rufe a ce a dawo jibi an gama aiki, jirage suna sama dare da rana ɗauke da mutane kuma duk abin da zaka taɓa kana taɓa shi ne suna wucewa. Shi yasa mafi girman wahalar aikin nan tana wajen haɗa kan mutane da ranaku, da kuma ɗan lokacin nan da tsohon tsari bai gama tafiya ba sabo bai gama zama ba.

Ka fara da gano inda ke ciwo

Kafin kowa ya kawo maka kasidar kamfani, ka tara bayanan abin da ke faruwa yanzu. Jirage nawa ke ratsa kowane yanki a kowace awa, a wane lokaci ne aiki ke yi wa kwantirola, wato mai ba jirage umarni daga ƙasa, yawa, minti nawa jirgi ke yi yana shawagi kafin a bashi izinin sauka, a ina rediyo ke yankewa matuƙi ya yi ta kira ba amsa, kuma rahotannin kusantar jirage da juna a wane mahaɗin hanya suka fi taruwa. Ka rubuta alƙaluman nan ka ajiye su, don da su zaka auna ko gyaran ya yi amfani bayan an gama, in babu su kowa zai faɗi son ransa ne kawai.

Sannan ka je ka zauna da masu aikin a inda suke aiki, ba a ɗakin mitin ba. Kwantirolan da ke dutin dare, ma'aikacin da ke gyaran rediyo da rada, matuƙa, da masu shirya wa jirage takardar tafiya a kamfanoni. Zaka sha mamaki yadda sau da yawa matsalar ba inda ofis ke zato take ba. Misali in jirage na jeruwa a sama saboda wanda ya sauka yana daɗewa a kan titi kafin ya samu mafita, wallahi ko rada goma ka saya layin nan bazai ragu ba, abin da ake buƙata shi ne hanyar fita da sauri daga titin ko a sake tsara yadda ake jera masu sauka. Wani lokacin kuma raba yanki ɗaya gida biyu a lokacin cunkoso ya wadatar.

Da ka san matsalarka sai ka duba abin da duniya ta riga ta tsara. Hukumar ICAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen sama da ke Montiriyal, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Shikago ta 1944, tana da babban shirin zirga-zirgar jiragen sama na duniya da ake kira GANP, a cikinsa an kasa gyare-gyare rukuni-rukuni da sunan ASBU, rukunin farko ya fara daga 2013. Turai nada nata shirin SESAR, Amurka ta yi nata NextGen, kowane yanki na duniya kuma nada kwamitin tsare-tsare a ƙarƙashin ICAO inda ƙasashe ke daidaita abin da zasu yi tare. Ba a ce sai ka yi komai da ke ciki ba fa. Ka ɗauki wanda ya dace da ciwonka, ribar bin shirin ita ce abin da ka gina zai iya magana da na maƙwabta kuma jiragen da ke zuwa daga nesa sun riga sun san shi.

Akwai misalin da nake so ƙwarai. A da tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000 ana barin tazarar ƙafa 2,000 tsakanin jirgi da na samansa, hawa 7 kenan kacal. Da aka rage tazarar zuwa ƙafa 1,000 sai suka zama 13. An fara a saman arewacin tekun Atlantika a 1997, Turai ta shiga a 2002, Afirka a 2008. Kaga an kusa ninka wurin da jirage suka fi so saboda sauƙin shan mai, kuma ba wani katafaren gini aka yi ba, aikin duk ya tafi ne wajen tantance na'urar auna tsayi ta kowane jirgi, horar da ma'aikata, sa ido a kan ko jirage na riƙe tsayinsu daidai, da kuma sa ƙasashe da yawa su yarda da rana ɗaya.

Su wa zasu zauna a teburin

Hukumar da ke sa ido da bada lasisi ta shigo tun ranar farko, kar ka bari sai ka gama ka kai mata takarda ta sa hannu, in ta ga abin da bata yarda da shi ba a lokacin ka yi asarar watanni. Masu filin jirgi, masu hasashen yanayi, ofishin da ke buga bayanai da taswirori, duk su zauna. Sojoji ma, kuma wannan a yi shi da haƙuri da girmamawa, domin sau da yawa hanyar da ta fi miƙewa ta ratsa ta yankin da aka keɓe musu ne, abin da ake nema shi ne a yarda a riƙa buɗe wa jiragen fasinja wurin a lokutan da basa amfani da shi, a kuma rubuta wa zai kira wa, da wace waya, minti nawa kafin a rufe.

Kamfanonin jirage kuwa dalili biyu ne. Su ke biyan kuɗin amfani da sararin sama wanda da shi ake yin aikin, don haka suna da haƙƙin a nuna musu lissafi. Na biyu rabin tsarin a cikin jiragensu yake. Ka ɗauki ADS-B, inda jirgi ke gano inda yake ta hanyar tauraron ɗan adam ya sanar da kansa tashar ƙasa ta karɓa, yafi rada arha nesa ba kusa ba, amma in jiragen da ke bin samanka basu da na'urar ka kafa tashoshi ne suna sauraron iska. Amurka ta fitar da dokar a 2010 ta ce wajibi ne daga 1 ga Janairu 2020, kusan shekara 10 kenan ta bayar. Don haka ka tambayi kamfanoni kashi nawa na jiragensu ke da kayan, yaushe sauran zasu samu, kuma ka yanke tun yanzu yadda za a yi da wanda bashi da su, za a hana shi ne ko za a bashi hawa na ƙasa. Wannan cakuɗar ta masu kaya da marasa kaya ita tafi gajiyar da kwantirola.

Maƙwabta kuma kar ka manta da su ko da wasa. Kowace cibiyar kula da jirage nada takardar yarjejeniya da cibiyar da ke kusa da ita, a ciki an faɗi a wane wuri ake miƙa jirgi, a wane tsayi, a wace tashar rediyo. Ka matsar da hanya ɗaya a wajenka to takardar nan ta tashi aiki, sai an sake ta an sa hannu an karantar da ma'aikatan ɓangarorin biyu. A ranar 15 ga Nuwamba 2012 duniya gaba ɗaya ta koma sabon fasalin takardar shirin tafiya, an yi hakan a rana ɗaya ne saboda takardar jirgi guda tana bi ta kwamfutocin ƙasashe da dama, in ɗaya bata gane ba jirgin zai iso wajen kwantirola babu bayaninsa.

Ka rubuta yadda aikin zai kasance kafin ka fitar da tallar kwangila

Wannan takardar ita ce ginshiƙi, kuma da harshen masu aiki ake rubuta ta. Jirgi ya shigo daga gabas, wa ya fara ganinsa, me ya bayyana a allo, wa ya karɓe shi, in hadari ya tare hanya ya za a yi, in allon ya ɗauke fa. Daga cikinta ake ciro abin da ake so na'ura ta yi. In ka tsallake ta to kamfani ne zai zaɓa maka yadda zaka yi aiki.

Kuma ka kasa aikin ƙanana. Amurka ta taɓa ɗaukar wani gagarumin shiri na sauya kwamfutocin cibiyoyinta gaba ɗaya, aka kashe biliyoyin daloli, a 1994 dole aka soke manyan sassansa aka sake lale. Cibiyar Swanwick ta Ingila an so buɗe ta a 1996 amma sai 2002 ta fara aiki, mafi yawa saboda manhaja. Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da ƙwararru fa. A ganina gara mataki uku da kowanne ke kawo amfani shi kaɗai a kan babban shiri ɗaya da sai ya kammala kaf kafin a ga komai.

A cikin kwangilar, abin da aka fi mantawa shi ne rayuwar na'urar bayan an kafa ta. Kayan gyara na shekara nawa, lasisin manhaja da sabunta ta, horar da injiniyoyinku har su iya gyara da kansu ba sai an jira wani ya taso daga wata nahiya ba, da sharaɗin cewa bayanan rada su fito a fasalin da kowa ya sani irin ASTERIX don gobe ka iya haɗa kayan wani kamfanin. Wutar lantarki, batura, janareto, sanyaya ɗaki da layin sadarwa guda biyu da basu bi ta rami ɗaya ba, duk a sa su a kasafi ɗaya da na'urar. A gwada kayan a masana'anta, a sake gwadawa a wurin da aka kafa, na'urorin da ke jagorar jirgi kuma sai jirgin awo ya tashi ya tabbatar da siginal ɗinsu. A duk gwajin nan a sa kwantirola na gaske ya zauna ya danna.

Nazarin haɗari, nan ne nake so ka daɗe

Dokokin ICAO sun wajabta a yi nazarin haɗari kafin duk wani babban canji, kuma hukumar ƙasa mai sa ido ta amince da shi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake nazarin sabon tsari a matsayin wanda ya gama zama, a manta da kwanakin da ake cikin aikin. A daren 1 ga Yuli 2002 jirgin fasinja na Rasha da jirgin kaya sun yi karo a saman Uberlingen a kudancin Jamus, mutum 71 suka rasu, da yawansu yara. Cibiyar Zurik ta ƙasar Suwizalan ce ke kula da wurin. A daren ana aikin gyara a cibiyar, radar tana tafiya a yanayin ko-ta-kwana, alamar gargaɗin da ke fitowa a allo in jirage biyu sun doshi juna bata aiki, babban layin waya ma an cire shi, ga kwantirola ɗaya yana riƙe da tebur biyu. Wani kwantirola a cibiyar Karlsruhe ta Jamus ya hango abin a allonsa ya yi ta buga waya bata shiga. Akwai wasu dalilan, har da saɓanin umarnin kwantirola da na na'urar kauce wa karo da ke cikin jirgi, amma mai tsara gyara ya tsaya ya kalli wannan jerin da kyau, ko wane ɗaya shi kaɗai ƙaramin abu ne da wani ya ga ba komai.

Saboda haka duk aikin da zai taɓa na'ura mai aiki, ko na awa 2 ne, a rubuta a takarda ɗaya me zai ɗauke, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, me kwantirola zai rasa a gabansa, da me zai yi a madadi. A faɗa masa baki da baki kafin ya karɓi duti, kar a liƙa a allon sanarwa a ce ai ya gani. Kar a haɗa cire gargaɗi da cire waya a dare ɗaya. A ƙara mutum a duti, a sanar da cibiyoyin maƙwabta da lambar da zasu samu in layin ya ƙi, kuma shugaban duti ya kasance yana da ikon cewa injiniyoyi su dakata ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Ka kuma tambayi na'urar ko-ta-kwana tambaya mai zafi. A 28 ga Agusta 2023 tsarin sarrafa takardun tafiya na Birtaniya ya tsaya saboda wata takarda guda da ke ɗauke da wurare biyu masu suna iri ɗaya a hanyarta, babbar na'ura ta kasa warwarewa ta janye kanta, ta ko-ta-kwana ta karɓa ita ma ta yi haka nan take tunda manhajarsu ɗaya, aka koma shigar da takardu da hannu aka soke ɗimbin jirage. Kwamfuta biyu masu manhaja ɗaya suna kare ka daga lalacewar ƙarfe ne kawai. Don haka ka gwada da gurɓatattun bayanai da gangan, ka kuma san jirage nawa a awa ma'aikatanka zasu iya ɗauka da hannu, lambar nan a rubuce, a riƙa atisaye a kanta.

Horo, da lissafin rana

Horo na cin mutane. Duk wanda ka tura na'urar kwaikwayo ka cire shi ne daga rosta, in baka lissafa wannan ba zaka wayi gari waɗanda suka rage suna ta ƙarin lokaci a gajiye daidai lokacin da ake so hankalinsu ya fi kowane lokaci kaifi. Kar kuma a yi horon da wuri sosai har a manta kafin ranar, in ranar ta ɗaga a sake tunatarwa. A na'urar kwaikwayon kar a tsaya kan rana mai daɗi, a sa hadari, a sa jirgin da rediyonsa ya mutu, a kashe allo ana tsakiyar cunkoso. Bayan nan sai sabon tsarin ya yi makonni yana bin jirage na gaske a gefe tsohon na riƙe da aiki, ana kwatanta abin da kowanne ke nunawa.

Ranar canji ba kai kaɗai ke zaɓarta ba. Duniya na sabunta bayanan jiragen sama ne duk kwana 28 a ranakun da aka riga aka tsayar, tsarin da ake kira AIRAC, kuma kullum Alhamis suke faɗawa. Ƙa'ida ita ce a fitar da bayanin aƙalla kwana 42 kafin ranar don ya isa hannun masu amfani da kwana 28, in babban canji ne a bada kwana 56. Dalili kuwa kamfanonin da ke haɗa wa jirage taswira da bayanan hanya irin su Jeppesen sai sun karɓa sun shigar sun rarraba, sannan a loda a kwamfutar kowane jirgi. Ka makara da kwana biyu sai ka samu kwantirola na kiran sunan hanyar da matuƙi bashi da ita a gabansa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka kafa ranar AIRAC ɗin ka riƙa ƙirgowa baya, yaushe taswira zata gama, yaushe jirgin awo, yaushe hukuma zata sa hannu, yaushe yarjejeniyar maƙwabta. Ana kuma shawartar a kauce wa ranar da ta faɗo tsakanin 21 ga Disamba da 17 ga Janairu saboda ofisoshi da yawa na hutu. In an riga an buga rana to ɗaga ta a ƙurarren lokaci haɗari ne shi ma, don wasu jiragen sun loda sabo.

A daren kansa a zaɓi awannin da jirage suka fi ƙaranci. A tsayar da wuraren da za a tsaya a duba a ce a ci gaba ko a koma, da sunan mutum ɗaya da ke da wannan maganar, kuma hanyar komawa tsohon tsari a riga an gwada ta an san minti nawa take ci. A rage yawan jiragen da ake karɓa a kwanakin farko sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali, a gaya wa kamfanoni tun da wuri su gyara jadawalinsu, zasu yi ƙorafi amma sun fi son jinkirin da suka sani a kan wanda ya faɗo musu. Injiniyoyin kamfanin da ya kawo kayan su kwana a wurin.

Makonnin farko a riƙa zama kullum na ɗan gajeren lokaci ana duba abin da aka gani jiya. A buɗe hanya mai sauƙi da kowa zai rubuta abin da ya bashi matsala ba tare da tsoron hukunci ba, don in kwantirola ya ga wanda ya yi magana an ci masa mutunci shikenan kowa zai ja bakinsa ya ƙirƙiro dabararsa ta kewaye matsalar, kai kuma kana ofis kana ganin komai lafiya. Bayan wata 3 ko 6 ka ɗauko alƙaluman nan na farko ka auna, shawagi ya ragu ko bai ragu ba, rahotannin kusanta fa, ka kuma duba ko cunkoson ya koma yankin da ke gaba ne kawai, hakan na faruwa sosai.

Tsofaffin kaya kuma kar a yi gaggawar kwance su. Tsohon tsarin ya zauna a kunne ana duba lafiyarsa har sai hukuma da masu aiki sun yarda a rubuce cewa an daina buƙatarsa, kuma a tuna ƙwarewar mutane a kansa tana dushewa, bayan wasu watanni komawa gare shi ya zama wani haɗarin, don haka a sa masa ranar ƙarshe. Tashoshin ƙasa masu nuna wa jirgi hanya irin su VOR da DME nasu daban ne. Ko an koma hanyoyin tauraron ɗan adam, toshe siginal ɗin GPS da gurɓata shi ya yawaita a 'yan shekarun nan musamman kusa da wuraren rikici, saboda haka kafin a kashe ko ɗaya a zana taswirar waɗanda dole su rage yadda jirgin da ya rasa GPS a ko'ina cikin yankin zai samu abin da zai bi har ya sauka, a sa kuɗin kula da su a kasafin kowace shekara, jirgin awo kuma ya ci gaba da zagaya su a kan lokaci.